Ɗalibi 350: Yadda Majalisun Jihohi Suka Haɗe Makarantun Amurka

A shekarar 1932 Amurka tana da gundumomin makarantu kimanin 127,000. Yau ba su wuce 13,000 da 'yan ɗaruruwa ba, alhali yaran da ke makarantun gwamnati sun kusa ninkawa. Babu wani shugaban ƙasa da ya zauna a Washington ya ba da umarnin a yi haka. Majalisun dokokin jihohi ne suka yi aikin, kowace a lokacinta, wata da lallashi, wata da kuɗi, wata kuma da sanda.

Gundumar makarantu a can wata 'yar gwamnati ce da ba ta da aiki sai makaranta. Tana da iyakarta a taswira, mutanen cikinta suna zaɓen 'yan hukumarta, hukumar ta ɗauki shugaba da malamai, kuma a yawancin jihohi ita ke ɗora haraji a kan gidaje da gonaki da shagunan da ke ƙarƙashinta. Mai karatu zai iya tuna hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a Najeriya, sai dai tamu ba zaɓenta ake yi ba, ba ta kuma karɓar haraji, kuɗinta daga sama yake saukowa. A riƙe maganar harajin nan, domin ita ce ƙashin bayan rigimar. Inda ƙasa ke da daraja makaranta ta wadata, inda ƙasa ba ta da daraja yara su sha wuya, kuma layin da ya raba su biyun zane ne kawai da doka ta yi.

Labarin ya faro daga Massachusetts. Tun 1647 aka yi doka a can cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malami. Da mutane suka bazu cikin daji suna saran gonaki, makarantar tsakiyar gari ta yi wa yara nisa, sai kowace unguwa ta kafa tata. Dokar 1789 ta amince da wannan rarrabuwa, ta 1827 kuma ta bar wa kowace 'yar gunduma ikon zaɓen malaminta. Masu ƙaura zuwa yamma suka tafi da tsarin a ka. Duk inda aka sami iyalai kaɗan sai a gina ɗaki guda na katako, a sa murhu a tsakiya saboda hunturu, a ɗauki malama ɗaya ta koyar da aji takwas a lokaci guda. Ana auna faɗin gunduma da tafiyar ƙafar yaro. Manoma uku ne yawanci ke riƙe da hukumar, su ke sayen itace, su ke biyan albashi, su ke korar malama idan ta saɓa musu. Wajen 1916 makarantu masu malami ɗaya sun kai kimanin 200,000. Ninka gundumomin 1932 sau uku, za ka ga mutum kusan 400,000 ne ke da kujera a harkar makaranta. Yawancinsu ba su taɓa riƙe wani muƙami ba sai wannan, don haka duk wanda ya zo da maganar haɗewa, kujerar maƙwabcinsa ya zo ɗaukewa.

Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta Massachusetts a 1837, bai ɓoye ƙiyayyarsa ga dokar 1789 ba. Yana ganin ba a taɓa yi wa makarantun jihar doka mai illa kamarta ba. Ya mutu bai ga ƙarshenta ba. An soke tsarin, aka dawo da shi saboda ihun mutanen karkara, sai a 1882 aka binne shi gaba ɗaya. Amma dokar da ta fi tasiri a ganina ita ce wata ƙarama ta 1869, wadda ta halatta wa garuruwa kashe kuɗin jama'a wajen ɗaukar yara zuwa makaranta. Daga ranar da aka yarda a saka yaro a keken doki a kai shi wani wuri, hujjar gina makaranta a kowace unguwa ta fara rushewa.

Masana suka ɗauki maganar da zafi. Wani kwamitin mutum 12 na ƙungiyar malamai ta ƙasa ya fitar da rahoto kan makarantun karkara a 1897, yana kiran a haɗe. Ellwood Cubberley na Jami'ar Stanford ya rubuta littafi a 1914 yana nuna cewa manomi bai san irin makarantar da ta dace da ɗansa ba, a bar wa ƙwararru. Akwai raini a cikin maganar, kuma mutanen ƙauye sun ji shi sarai. Amma adalci ya sa a faɗa: da yawa daga makarantun nan wata shida ko ƙasa da haka suke buɗewa a shekara, malamar sau da yawa yarinya ce da ba ta daɗe da barin ajin ba, kuma yaron da ya gama aji takwas ba shi da sakandaren da zai shiga. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar ƙauye, kamar yadda na yi, ya san abin da ake nufi da malami ɗaya a kan azuzuwa da yawa. Kana wa waɗannan lissafi, waɗancan suna jifan juna da takarda.

To wa ke da ikon rusa gunduma? Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, saboda haka ya faɗa hannun jihohi. A farkon ƙarni na 20 majalisar Michigan ta haɗe wasu ƙananan gundumomi a wani ƙauye mai suna Jerome, mutane suka kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka. A 1905 kotun ta ce gunduma abin da jiha ta ƙirƙira ce, jiha na da ikon faɗaɗa ta, rage ta, ko shafe ta, ta kuma miƙa dukiyarta ga wata. Wannan hukunci yana nan daram. Gundumar da ta shekara ɗari tana karɓar haraji, majalisa za ta iya kashe ta da sakin layi ɗaya.

Kowace jiha ta bi hanyar da siyasarta ta ɗauka. New York ta yi amfani da kwaɗayi: dokar 1925 ta ce duk ƙauyukan da suka haɗu, jiha za ta ɗauki wani kaso na kuɗin gini da na jigilar yara. West Virginia, da matsin tattalin arzikin 1933 ya sa haraji ya ƙi shigowa, ta yi yankan ƙauna, ta mayar da gundumomi kusan 400 zuwa 55, ɗaya ga kowane yankin mulki da suke kira kawunti. Nevada ta yi irin haka a 1956, ta tsaya a 17. Illinois, wadda ta taɓa samun kusan 12,000, ta kafa kwamitocin bincike a 1945, ta yi sabuwar doka a 1947, yau tana da kimanin 850. A Kansas kotu ta soke dokar 1945, sai a 1963 aka sake yin wata da ta zauna. Hawaii kuwa gunduma ɗaya ce tak ga jiha duka.

Abubuwa biyu suka gaggauta aikin bayan yaƙin duniya na biyu. Tarakta ta kori hannaye daga gona, ƙauyuka suka yi ta zubar da mutane. Kwalta kuma ta shiga karkara, bas ɗin makaranta mai ruwan ɗorawa, wanda aka daidaita launinsa da ƙirarsa a wani taro da Frank Cyr ya kira a New York a 1939, ya maye gurbin keken doki. Sai ga James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya fito da littafinsa a 1959, lokacin da Amurka ke cikin fargabar Rasha ta riga ta harba tauraron ɗan'adam. Ya ce sakandaren da ba ta yaye ɗalibi 100 a shekara ba za ta iya koyar da kimiyya da lissafi da harsuna yadda ya kamata ba. 'Yan majalisa suna son lamba, domin lamba tana shiga doka cikin sauƙi. Zuwa 1970 gundumomi sun sauko kimanin 18,000.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne Arkansas, domin a can ne abin ya fito da fuskarsa duka. Jiha ce ta kudu, matalauciya, duwatsu a arewa, gonakin auduga da shinkafa a gabas ta bakin kogin Mississippi. A shekarun 1920 tana da gundumomi fiye da 4,000. A 1948 masu zaɓe da kansu suka amince da dokar da ta rusa duk gundumar da yaranta ba su kai 350 ba, cikin shekara guda adadin ya faɗo daga 1,589 zuwa 424.

A gabashin jihar, a yankin Phillips, akwai wani ƙauye da ake kira Lake View. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ce ta kafa shi a shekarun 1930, ta sayi ƙasa ta zaunar da baƙaƙen fata manoma waɗanda a da suke noma gonakin wasu a raba amfani. Makaranta tana cikin abin da suka fi alfahari da shi, tasu ce, su ke zaɓen masu riƙe ta. Amma ƙasar ba ta kawo haraji. A 1992 gundumar, da ɗalibanta ba su kai 200 ba, ta maka jihar Arkansas a kotu, tana cewa yadda ake rabon kuɗin ilimi ya saɓa wa tsarin mulkin jiha.

Shari'ar ta ci shekara goma. A Nuwamba 2002 Kotun Ƙolin Arkansas ta ba Lake View gaskiya, kuma abin da alƙalai suka zayyana a hukuncin ya isa ya sa mutum ya yi shiru. Malami ɗaya ne ke koyar da duk lissafin sakandare, ba shi da takardar shaidar koyarwa. Ana biyansa dala 10,000 a shekara a matsayin malamin wucin gadi, yana kuma tuƙa bas ɗin makarantar ya sami ƙarin dala 5,000. Kalkuleta ba ta isa ɗalibansa ba, allo ɗaya ne, kwamfutar ba ta da manhaja, firinta ba ta aiki. 'Yan ƙwallon kwando ba su da cikakkun riguna. Wannan a Amurka ne fa, a ƙarni na 21. Kotu ta ce ilimi nauyi ne a wuyan jiha, ba za ta fake da cewa ta bar wa gundumomi ba, ta kuma ba majalisa zuwa 1 ga Janairu 2004 ta gyara.

Gwamna Mike Huckabee ya duba lissafi ya ce jiha ba za ta iya kai cikakkiyar manhajar sakandare ga gundumomi fiye da 300 ba. A Janairu 2003 ya kawo shawarar a haɗe duk wadda ɗalibanta ba su kai 1,500 ba, abin da zai bar ɗari da 'yan kai. Karkara ta tashi tsaye. Iyaye da malamai da shugabannin gundumomi suka cika harabar majalisa a Little Rock, babban birnin jihar, 'yan majalisar ƙauyuka, har da na jam'iyyar gwamnan, suka juya masa baya. Aka yi ta ciniki a kan lamba kamar ana tayin sa a kara, wannan ya sauko, wancan ya hau, har aka sallama a kan 350, lambar nan ta 1948. Dokar da ta fito a farkon 2004, wadda aka sani da Doka ta 60, ta ce gundumar da ta yi shekara biyu a jere ƙasa da ɗalibi 350 ta nemi wadda za ta haɗu da ita, in ba haka ba hukumar ilimi ta jiha ta zaɓa mata. Huckabee ya ga an rage abin da yawa, ya ƙi sa hannu, ya bari ta zama doka haka nan. Majalisa ta kuma ɗaga harajin sayayya zuwa kashi 6 cikin ɗari don a sami kuɗin makarantu.

Gundumomi suka sauko daga 308 zuwa 254. Cikin waɗanda aka shafe a ranar 1 ga Yuli 2004 akwai Lake View. An haɗa ta da maƙwabciyarta Barton-Lexa. Ƙauyen da ya kai ƙara, ya jure shekara goma, ya jawo wa yaran jihar duka ƙarin ɗaruruwan miliyoyin dala, shi ne ya rasa hukumarsa. Mutanensa sun sake komawa kotu, wannan karon ta tarayya, a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jiha tana da iko.

Lokacin muhawara an yi ta nanata wa mutane cewa ofisoshi za a haɗe, ba makarantu ba, kuma hakan yake a rubuce: dokar ba ta tilasta rufe kowace makaranta ba. Sai dai ba ta buƙatar tilastawa. Idan ƙauye mai ɗalibi 200 ya shiga gunduma mai 1,000, kujerunsa a sabuwar hukuma ɗaya ne ko biyu. Ranar da kasafi ya matse, 'yan hukuma za su duba ginin da ya fi tsada a kan kowane yaro, su kaɗa ƙuri'a, kuma an san wanda zai sha kaye. Haka aka yi. Cikin 'yan shekaru gommai na makarantun gundumomin da aka haɗe sun rufe, na Lake View suna ciki, kuma abin ya fi faɗa wa yankunan talakawa da na baƙaƙen fata. A ƙauyen Amurka makaranta ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, a zaurenta ake taro, wasan daren Juma'a na ƙungiyarta shi ke tara gari. Idan ta rufe, masu ƙananan yara su ne farkon masu tashi.

Kada a ɗauka ina cewa haɗewa zalunci ce a ko'ina. A North Carolina, makarantun birnin Raleigh suna ta zama na baƙaƙe da talakawa, fararen fata suna gudu zuwa gundumar Wake da ke kewaye da birnin. A 1973 aka tambayi masu zaɓe ko a haɗe, suka ƙi da babban rinjaye. Shugabanni suka bi ta majalisar jiha, a 1976 aka haɗe duk da haka, kuma wannan ne ya ba da damar cakuɗa yaran birni da na gefen gari shekaru masu yawa. Da an bi ƙuri'a da ba a yi ba. A Tennessee kuwa majalisa ta yi akasin haka. Birnin Memphis ya miƙa makarantunsa ga gundumar Shelby, aka haɗe a 2013, amma majalisar jiha ta buɗe wa garuruwan gefe masu wadata ƙofar ficewa, a 2014 shida daga cikinsu, har da Germantown da Collierville, suka kafa nasu. Alƙalamin da ke tilasta wa ƙauyen talakawa shiga gidan wani, shi ne ke ba masu kuɗi izinin gina katanga. Shi ya sa idan na ji an ce dokar haɗewa, abin da na fara dubawa shi ne wa aka haɗa da wa, harajin wa zai bi yaran wa.

Maganar tsimin kuɗi, wadda ita ce tallar kowane gwamna, tana da gaskiya amma gajeriya. William Duncombe da John Yinger sun bi gundumomin karkarar New York da suka haɗu, suka ga ragin yana da yawa idan ƙanana biyu masu ɗalibi kamar 300 suka haɗu, yana kuma ƙanƙancewa sosai idan an kai masu 1,500. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Albashin shugaba ɗaya da akawu ɗaya ake ragewa, amma sai an ɗaga albashin malaman ƙaramar gunduma ya kamo na babbar, a ƙara motoci da mai, sau da yawa a yi sabon gini. Binciken da aka yi kan sakamakon jarrabawar yaran da Doka ta 60 ta shafa bai nuna wani babban canji ba. Abin da lissafin ofis ba ya ɗauka shi ne yaron da zai fito bakin titi tun duhu bai yaye ba, ya dawo bayan la'asar, ya kasa tsayawa wasa ko ƙarin darasi saboda bas ba ya jira.

Jihohin da suka gwada sanda daga baya sun ga yadda take. Nebraska ta yi doka a 2005 ta rusa gundumomi fiye da 200 masu firamare kawai. Gwamna Dave Heineman ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi. A Nuwamba 2006 masu zaɓe suka soke dokar, amma an riga an rusa gundumomin tun watan Yuni, kuma soke doka bai dawo da su ba. A Maine, Gwamna John Baldacci ya sa aka yi doka a 2007 don mayar da 290 zuwa 80, tare da yanke tallafi ga garin da ya ƙi. Adadin ya tsaya sama da 160. Da aka cire hukuncin yanke tallafin, garuruwa suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya.

Hukuncina a kan Doka ta 60 shi ne an yi ragwanci. Jiha tana da hakki, har ma da wajibi, ta sa baki inda yara ke zaune gaban malamin lissafi mara takarda. Amma ƙirga kawuna ba ya gaya maka ko makaranta tana koyarwa, ko asusunta yana da lafiya, ko mil nawa ne zuwa ta gaba. An zaɓi lamba ne domin ita ce ba ta buƙatar a je a duba.

Weiner ce ta tona wannan. Garin manoman shinkafa ne a yankin Poinsett, makarantarsa tana cikin masu kyakkyawan sakamako a jihar, ba ta cikin matsalar kuɗi, mutanen garin suna biyan harajinsu da son rai. Ɗalibanta suka gaza 350 da 'yan kaɗan. A 2010 aka haɗa ta da Harrisburg, a 2013 aka rufe sakandarenta. Iyayen Weiner ba su yi shiru ba, sun yi ta zirga-zirga zuwa Little Rock, kuma a 2015, zamanin Gwamna Asa Hutchinson, majalisa ta yi gyara: gundumar da ba ta kai 350 ba za ta iya neman a ɗaga mata ƙafa idan karatunta da kuɗinta da gine-ginenta suna kan ƙa'ida. Gyaran bai waiwayi gundumomin da aka riga aka shafe ba.